An karanta sau huɗu, an shiga jarrabawa biro ya ƙi tafiya: ina gizo ke saƙar?

Tauraruwa_22:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya ce gare ni zuwa ga malamanmu da yayyenmu. Ɗalibi yana da kwas bakwai, saura mako shida jarrabawa. Ya karanta takardun darasi sau uku, sau huɗu, har ya san gefen shafin da kowane zane yake. Ranar jarrabawa sai ga tambayar da ya tabbata ya karanta, amma biro ya ƙi tafiya. Da yawa suna cewa maganin kawai a ƙara awannin karatu. Ni dai ban gamsu ba. Yawan karatun ne matsalar ko yadda ake yin sa? Kuma mako shidan nan yaya ya kamata a raba shi?

Malam_JanBiro:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Yadda ake yin sa ne. Gane abu daban, fito da shi daga ka daban. Idan ido ya bi shafi karo na huɗu komai zai zo da sauƙi tunda rubutun yana gaban mutum, sai zuciya ta ce ai na iya. Kamar a haɗu da mutum a hanya ne, fuskar ba baƙuwa ba ce amma sunan ya ƙi zuwa. A ɗakin jarrabawa kuwa sunan ake tambaya, fuskar ma ba a nunawa.

Ga gyaran. A karanta sashe guda, shafi uku zuwa biyar, har a fahimce shi. A rufe littafin, a kife shi ma. A ɗauki farar takarda a rubuta duk abin da aka iya tunawa cikin minti biyar zuwa goma, ko da a birkice ne. Sannan a buɗe littafin, a ɗauki biro mai wani launi a cike abin da aka bari, a gyara abin da aka karkata. Duk abin da ya fito da launi na biyu shi ne karatun gobe. Sauran a bar shi ya huta kwana biyu ko uku kafin a sake gwada shi.

Akwai ɗaci, domin a karon farko takardar takan fito kusan fayau, kuma a daidai nan ne ɗalibai da yawa ke komawa maimaita karatu saboda ya fi daɗi a rai. A daure. Wannan kai-komon da ƙwaƙwalwa ke yi tana laluben amsa shi ne ke kafa abin.

Dakta_Nazari:
Maganar Malam tana da hujja. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun ba ɗalibai gajeren rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi a zama huɗu, wasu suka karanta a zama ɗaya sannan suka yi zama uku suna rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba, kashi 83 cikin ɗari da kashi 71. Bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu maimaitawa suka sauko zuwa kashi 40, masu gwada kansu suna kan kashi 61. Abin da ya fi jan hankali shi ne masu maimaitawar su ne suka fi tabbacin za su tuna.

A 2013 kuma John Dunlosky da abokan aikinsa sun auna dabarun karatu guda goma. Biyu kaɗai suka sa a sahun gaba: gwada kai, da rarraba karatu a kan kwanaki. Ja layi a ƙarƙashin rubutu da maimaita karatu suna cikin na ƙasa.

Ɗan_Dare:
Ranka ya daɗe Dakta, ba musu nake ba, amma a faɗi gaskiya: akwai masu kwana karatu daren jarrabawa kuma su ci. Kowa ya san su. Lambobinka ma sun nuna bayan minti biyar masu maimaitawa ne suka yi nasara. To idan takardar gobe da safe ce, mene ne laifin haka?

Dakta_Nazari:
Tambayarka a kan hanya take ɗan'uwa. Ɗurawa kai karatu a dare ɗaya tana iya kai mutum gobe, shi ya sa ba ta mutu ba. Amma duba inda take karyewa. Tana aiki ne a tambayar "lissafa" da "kawo ma'ana", da zarar an ce "kwatanta" ko aka ba da lissafin da aka sauya wa fasali sai ta watse. Sannan mai kwas bakwai ba shi da dare bakwai a jere da jikinsa zai ɗauka, takarda ta uku ko ta huɗu ita ke biyan bashin. Kwas ɗin zango mai zuwa kuma a kan na bana za a ɗora shi, ga shi an riga an zubar.

Fitila_Mai_Haske:
A ƙara da maganar barci, don ana ɗaukar ta da wasa. A lokacin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana ta adana shi. Baligi yana buƙatar awa bakwai ko fiye. Wanda ya yi awa biyu ya shiga jarrabawa, abin da ya fara raunana shi ne natsuwa, sai ka ga ya karanta "kawo uku" ya kawo biyu, ko ya tsallake tambayar da ke bayan shafi. Masu dogaro da kofi kuma su sani sinadarin kafeyin yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda ya sha ƙarfe shida na yamma, sha ɗaya na dare rabi yana nan. Zai kwanta, barcin ba zai yi nauyi ba.

Mai_Jadawali:
Bari in dawo da mu kan rabon mako shida, tunda shi Tauraruwa ta tambaya.

Ranar farko ba a karatu. A ɗauko tsarin kowane kwas da malami ya bayar a farkon zango, a jera batutuwansa a takarda ɗaya. Kowane batu a sa masa alama ɗaya cikin uku: zan iya bayyana shi ba littafi, rabi da rabi, ko ban san shi ba. Kada a sa alamar farko sai an gwada da baki na minti ɗaya, saboda nan ne mutum ke yaudarar kansa.

Mako na ɗaya zuwa na uku: zama uku a rana, kowane zama awa ɗaya da rabi, kwana shida a mako. Zama 18 ke nan. Kwas bakwai sau biyu-biyu ya ci 14, saura huɗu, a ba wa kwasa-kwasan da suka fi nauyin maki ko suka fi yawan "ban sani ba". Zaman biyu na kwas ɗaya kada su zo a jere, a sa kwana biyu ko uku a tsakani. Minti goma sha biyar na farkon kowane zama na farar takardar Malam JanBiro ne, a kan abin da aka yi a zaman da ya wuce.

Mako na huɗu da na biyar: tsofaffin tambayoyi, da agogo a gaba, littafi a rufe.

Mako na shida: a bi jerin ranakun jarrabawa, a daina buɗe sabon batu mai girma.

Rana ta bakwai a kowane mako a bar ta ba komai. Jadawalin da aka cika maƙil ranar Laraba yake rushewa, lacca ta ƙara lokaci ko ciwon kai ya zo, mutum ya ga ya bar zama uku a baya sai ya yar da takardar gaba ɗaya. Wannan ranar ita ke haɗiye abin da ya zube.

Tauraruwa_22:
Na gode yaya. Amma idan har yanzu ana shiga lacca, ina za a samo awa huɗu da rabi kullum?

Mai_Jadawali:
A mayar da shi zama biyu a ranakun lacca, uku ko huɗu a ranakun da babu. Ko a rage zaman zuwa awa ɗaya. Abin da ba a taɓawa shi ne kowane kwas ya zo sau biyu a mako da tazara a tsakani.

Gwanin_Lissafi:
Ina da gyara ga masu lissafi, fiziks, ƙididdiga da injiniyanci. Farar takarda tana da amfani wajen fomula da ma'anoni, amma ba ta isa. Karanta lissafin da aka riga aka warware ba warwarewa ba ne. Hanya ita ce: a duba misali ɗaya da malami ya yi, a kowane layi a tambayi kai me ya sa ya yi wannan matakin. A rufe, a sake yin sa daga farko. Sannan a nemi makamancinsa da ba a taɓa gani ba.

Kuskuren da ya fi cin maki shi ne a yi tambaya ashirin duk na babi ɗaya. Tun daga ta uku hannu ya saba, ba a ƙara tunanin wace hanya za a bi, lambobi kawai ake sauyawa. Jarrabawa kuwa ba ta rubuta sunan babi a saman tambaya. Doug Rohrer da Kelli Taylor sun gwada wannan a 2007 da lissafin girman cikin siffofi huɗu. Waɗanda suka yi atisaye kashi-kashi sun samu kashi 89 a lokacin atisayen, waɗanda aka gauraya musu suka samu 60. Bayan mako guda na farkon suka faɗo zuwa 20, masu gauraye suka samu 63. Saboda haka bayan an iya kowane babi shi kaɗai, a tsinto tambaya biyu-biyu daga babi biyar, a rubuta su a ƙananan takardu, a cakuɗa, a ja ɗaya bayan ɗaya.

Malama_Hadda:
Ni kuma ga masu likitanci, haɗa magunguna, shari'a da harsuna, inda sunaye da ƙa'idoji suke da ɗimbin yawa. Kati ne maganinsu. Tambaya a gaba, amsa a baya, abu ɗaya tak a kowane kati. Tsarin da Bajamushe Sebastian Leitner ya fitar a 1972 ana iya yin sa a sauƙaƙe: akwati uku ko ambulan uku. Na farko kullum ake duba shi, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako. Katin da aka amsa daidai ya matsa gaba. Wanda aka faɗi, ko daga akwati na uku ne, ya koma na farko. A faɗi amsar da baki ko a rubuta kafin a juya katin, "ai na san shi" a zuci ba amsa ba ce.

Tushen abin tsoho ne. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna mantuwa ta fi gudu a awannin farko bayan koyo, daga baya ta rage sauri. Haddar da ba a bita zubewa take yi, kuma bitar farko ita ce ba ta son jinkiri.

Kwamfuta_Boy:
Malama ai manhajar Anki tana yin duk wannan da kanta, ita ke lissafa ranar da kati zai dawo.

Malama_Hadda:
Haka ne ɗana, kuma tana da kyau. Sai dai hattara biyu. An saita ta tana kawo sabbin kati 20 a rana, amma katunan bita taruwa suke yi a kai, wanda ya yi fashin kwana huɗu zai tarar da tsibi ya karaya. Na biyu, kada a kwashe makonni ana ƙera kati ana kwafe sakin layi guda a bayansa. Katin da amsarsa ta wuce jimla biyu a raba shi. Kuma abin da ba a fahimta ba kada a sa shi a kati, a koma littafi ko wurin malami tukuna.

Dakta_Nazari:
Game da tazarar bita, Nicholas Cepeda da abokan aikinsa sun gwada mutum sama da 1,300 a 2008. Idan gwajin yana bayan kwana 7, tazarar da ta fi kyau kusan kwana ɗaya ce. Idan bayan kwana 35 ne, kusan kwana 11.

Malam_JanBiro:
Dakta a ƙara bayani kada yara su ɗauka a karanta yau a jira kwana goma sha ɗaya. Wancan gwajin bita ɗaya tak aka yi, kuma a kan gajerun bayanai ne masu amsa guda. Ɗalibin da zai yi bita sau huɗu gara ya fara da gajeren tsakani ya riƙa faɗaɗawa: washegari, bayan kwana uku, bayan mako, bayan mako biyu. Darasin da za a ɗauka kawai shi ne idan jarrabawa na nesa tazarar ma ta ƙaru.

Dakta_Nazari:
Na karɓi gyara Malam.

Zainabun_Laburare:
Babu wanda ya taɓo waya, alhali ita ce ɓarauniyar awa ɗaya da rabin nan. Kifa ta a kan tebur bai wadatar ba, a sa ta cikin jaka a zuge, ko a bar ta a wani ɗaki. Wanda ke da wuyar fara karatu ya gwada tsarin Pomodoro na Francesco Cirillo: minti 25 aiki, minti 5 hutu, bayan zagaye huɗu a huta minti 15 zuwa 30. A ajiye guntuwar takarda a gefe, duk tunanin da ya faɗo, "ban kira wane ba", a rubuta a ci gaba. Hutun minti biyar kuma a miƙe a taka, idan aka buɗe waya ya zama minti arba'in.

Gwanin_Lissafi:
Minti 25 ya yi wa lissafi kaɗan 'yar'uwa. Tambaya ɗaya mai tsawo tana iya cinye shi, ƙararrawa ta katse mutum yana tsakiyar mataki. Gara 50 da hutun 10.

Zainabun_Laburare:
Ban ƙi ba. Ashirin da biyar ɗin na tayar da mai nauyin jiki ne, idan karatu ya kankama a zarce.

Sabon_Shiga:
Ni an ce mana kowa da irin koyonsa, wani da ido, wani da kunne. To mai koyo da kunne farar takarda za ta yi masa aiki?

Dakta_Nazari:
Za ta yi. Mutane suna da abin da suka fi so, wannan gaskiya ne. Amma Harold Pashler da abokansa sun bi binciken da aka yi a kan haka a 2008, ba su sami hujja mai ƙarfi cewa daidaita koyarwa da "irin koyon" mutum yana ƙara sakamako ba. Darasin ne ke zaɓar hanya: tsarin jijiyoyi da zane, furucin harshe da kunne. Idan rubutu yana gajiyar da kai, bayyana da baki ka naɗa a waya, ka saurara kana duba littafi kana kama inda ka yi tsallake.

Malam_JanBiro:
Tunda an kai mako na huɗu, bari in yi magana a kan tsofaffin tambayoyi, don ana ɓata su. Haddace amsoshin bara caca ce, malami ya juya tambayar kaɗan shi ke nan. Amfaninsu uku ne: a ga batutuwan da ke yawan dawowa, a ga yadda ake gina tambaya, a auna gudu. A tara na shekara uku zuwa biyar, a ajiye mafi sabuwa kada a leƙa ta sai mako na biyar, a yi ta a zama ɗaya da cikakken lokacinta.

Sannan a buɗe littafin kurakurai. Kowane kuskure a rubuta tambayar, abin da aka amsa, da dalilin faɗuwa. Dalilan ba sa wuce huɗu, kuma kowanne da maganinsa. Ban taɓa sani ba: a koma littafi. Na sani na manta: a sa a kati. Ban karanta tambayar da kyau ba: a riƙa ja layi ƙarƙashin kalmar umarni da adadin da aka nema. Gaggawa a lissafi: a rubuta kowane mataki a layinsa. Daren jarrabawa wannan ɗan littafin ake dubawa, awa ɗaya ko biyu, a kwanta.

A zauren kuwa, misali takardar awa biyu mai maki 70. Cire minti 10 na karanta tambayoyi duka, minti 10 na dubawa a ƙarshe, saura 100. Kowane maki ya samu kusan minti ɗaya da rabi, wato tambaya mai maki 5 kada ta wuce minti 7. Abin da masu duba takardu suka fi gani shi ne shafi huɗu a tambayar farko, layi biyu a ta ƙarshe. Makin farko-farko na kowace tambaya shi ne mai arha, don haka barin tambaya ba a taɓa ba ya fi komai asara. Idan lokaci ya ƙure a jera muhimman maganganu a gajerun layuka.

Fitila_Mai_Haske:
Idan kai ya ɗauke a minti na farko, a ajiye biro, a ja numfashi a hankali sau huɗu ko biyar, a fara da tambayar da aka fi sani. Sau da yawa amsar mai wuyar tana faɗowa ana tsakiyar rubuta mai sauƙin, sai a rubuta ta a gefe nan take.

Ɗan_Dare:
A tambayoyin zaɓi kuma kada a taɓa canza amsar farko, wannan kowa ya sani.

Dakta_Nazari:
Nan ma sai an duba. Justin Kruger da abokansa sun bi gogen da ɗalibai suka yi a takardun amsa, aka buga a 2005: kusan rabin canjin daga kuskure ne zuwa daidai, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne daga daidai zuwa kuskure. Idan ka sake karantawa ka ga dalili, canza. Idan fargaba ce kawai, bar ta.

Kwamfuta_Boy:
Karatun rukuni fa? Ni ina ganin ɓata lokaci ne.

Malama_Hadda:
Idan an taru ne don a fara karatu, ɓata lokaci ne. Idan kowa ya karanta ya zo da tambaya biyar a rubuce, mutum uku ko huɗu, awa ɗaya da rabi, littafi a rufe, ana juya tambaya kowa ya amsa, to babu kamarsa. A lura da abu ɗaya: wanda ke bayani shi ya fi ƙaruwa. Masu gyaɗa kai suna tashi da jin sun iya, irin jin da Malam ya faɗa a sama.

Tauraruwa_22:
Allah ya saka da alheri, na kwashi abubuwa. Saura ɗaya: wanda ya ga wannan zance saura kwana goma fa? Ya bi farar takarda ko ya ruga ya gama karanta komai ko sau ɗaya ne?

Mai_Jadawali:
Ya yanke. A kowane kwas ya zaɓi batutuwan da suka fi fitowa a tsofaffin tambayoyi, ya riƙe su da kyau, sauran ya bar su.

Gwanin_Lissafi:
Wannan ya dogara da tsarin takardar. Idan "amsa huɗu cikin shida" ce, yankewa ta yi. Idan duk tambayoyin dole ne, ko na zaɓi ne guda sittin da suka ratsa kwas ɗin gaba ɗaya, wanda ya bar babi uku ya bar makinsu tun daga gida. A irin wannan gara ya ratsa komai sama-sama a kwana huɗu, ya ba gwada kai kwana shida.

Mai_Jadawali:
Kwana huɗu kwas bakwai? Rabin yini ke nan ga kowane kwas. Ban ga yadda zai zauna ba, sai dai ga wanda ya halarci lacca yana da rubutunsa. Tauraruwa, fara dubo mana tsarin takardun, nawa ne ake zaɓar tambayoyin da za a amsa, nawa ne duk tambayoyinsu dole ne?